Jakar da Ta Ƙi Zama

Ina aji biyar a lekol, wato makarantar boko, zazzaɓin taifot ya huda mini hanji. Ban san lokacin da aka ɗauke ni daga unguwarmu ta Zongo zuwa babban asibiti ba. Abin da na riƙe kawai shi ne rufin motar haya yana lilo a samana, ganyen kwakwa kuma suna wucewa ta taga kamar ana yi mini fifita. Da na farka sai na tarar an fito da bakin hanjina waje ta gefen dama, ƙasa kaɗan da cibiya. Ja ne mai laushi, yana ƙyalli kamar ɓarin jan goro da aka tsoma a ruwa. Ba ya ciwo in an taɓa shi. Yakan motsa shi kaɗai, ya tsuke ya saki, kamar yana tunanin wani abu nasa.

Likita ya ce na ɗan lokaci ne. In na yi ƙiba, ciki ya warke, za su mayar da shi inda Allah ya ajiye shi. Kafin nan duk abin da na ci ta nan zai fita, ruwa-ruwa, ba sallama ba neman izini, saboda haka sai an manna masa jaka. Jakar ta roba ce mara nauyi, da faifai mai danƙo a bayanta. A yanka rami a tsakiyar faifan daidai bakin hanjin, a ɓare takarda, a manna a fata. In ta cika a kwance ƙasanta a zubar. Wata nas 'yar ƙabilar Mina mai faffaɗan hannu ta nuna wa Kaka yadda ake yi, da Hausarta ta kasuwa.

"Mama, ki wanke, ki goge, ki manna. Shi ke nan."

"Shi ke nan?" in ji Kaka. "To ai ko makaho ya iya."

Kaka aka koya wa domin ni 'yar fari ce. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, ko a asibitin ma daga bakin ƙofa take miƙo kwanon koko ta koma. Kaka kuwa mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa sunan ya ɓace a gidanmu. Baba yana ce mini Uwata, Kaka tana ce mini takwara, Inna kuma "ke".

Sana'ar Kaka man kaɗe ce. Daga arewa ake kawo mata shi a manyan ƙorai an rufe da ganye, ta yanka ta mulmula ta sayar a ƙofar gida. Ɗakinta, zannuwanta, carbinta, har sallamarta ƙamshin man suke yi. A wajenta babu abin da ya gagare shi. Jariri man kaɗe, kaushi man kaɗe, mura a ɗumama a shaƙa. Ta taɓa shafa wa wata kaza da ta karye a ƙafa, kazar kuma ta tashi.

A ɗakinta aka shimfiɗa mini tabarma da muka dawo gida. Kowace safiya, bayan ta idar da lazimi, sai ta kawo ruwan ɗumi ta gasa mini jiki da tsumma, ta goge ni tas kamar yadda nas ta ce. Daga nan ta lakato mai ta narkar da shi a tafin hannu, domin ba a barin yaro fururu bayan wanka. Takan fara daga wuya, ta bi kafaɗu, ta sauka har tsakanin yatsun ƙafa. A ƙarshe ta dawo ciki, ta zagaye bakin hanjin da ɗan yatsa ɗaya a hankali, kamar mai gyara bakin tukunya, tana karanta abin da take karantawa ƙasa-ƙasa. Sannan ta manna jaka.

Wannan lokacin na fi so a duk yinin. Nakan rufe ido. Rediyon maƙwabta yana waƙoƙin yabon Shugaban ƙasa, jirgin ƙasa yana kuka can nesa, iska tana kawo warin tafkin da ke bayan unguwar Amoutivé. Sai in ji tabarmar ta tashi da ni, ta fita ta taga, ta sauka a kan ruwan tafkin tana tafiya ba mai tuƙi. Hasken da ke shigowa ta hudojin rufin kwano yakan bi ni har can, ɗigo-ɗigo a kan zanena. Zazzaɓin ya tafi, amma ya bar mini wannan halin na yin mafarki ido biyu.

Abin da ke dawo da ni kullum ɗaya ne. Wani ɗumi zai fara daga gefen faifan, ya gangara ta kwiɓi a hankali kamar tafiyar tururuwa. Kafin azahar jakar ta saki. Wani lokaci ko hantsi ba ta kaiwa.

Ruwan hanji yana cin fata kamar ruwan toka. Wajen ya yi ja, ya saɓule, yana zafi in iska ta taɓa shi. Kaka ta duba ta girgiza kai.

"Kin ga baƙon nan naki ba shi da kunya, takwara. An ba shi masauki yana ƙona tabarma."

Sai ta ƙara mai. In jan ya ƙaru, man ya ƙaru.

An gwada abubuwa da yawa. An cire mini jigida aka rataye a ƙusa. An ce in riƙa ɗaura zane a ƙirji kamar tsohuwa don kada ƙullin ya danne jakar. An hana ni kuɓewa da barkono. Malamin unguwa ya aiko da rubutu na sha. Jakunkunan kuwa wani kawuna mai aiki a tashar jiragen ruwa ne yake samo su da ƙyar, a cikin kwali mai rubutun Faransanci, kwalin kuma kullum ƙara sauƙi yake yi in an ɗaga. Wata rana na buɗe shi na ga an riga an yanka ramukan sauran jakunkunan, ƙanana fiye da na da. Ashe kumburin bakin hanjin ya saɓe, ya ƙanƙance, mu kuma muna ta yanka rami da awon asibiti, fata tana zama a buɗe a kewayensa. A gefen wani ramin na ga ɗan guntun zare shuɗi, irin wanda ke maƙale a almakashin ɗinkin Inna. Na rufe kwalin na mayar da shi inda yake. Zafin ya ragu bayan haka, amma jakar ba ta fasa saki ba.

Ana cikin haka Madam, malamar ajinmu, ta zo duba ni. Ta sa atamfa mai hoton Shugaba, fuskarsa ɗaya a kafaɗarta ɗaya a gwiwa, in ta motsa sai ya yi kamar zai yi magana. Ta yi mini Faransanci, ta yi wa Baba yaren Mina. Ta ce ajin ya cika har yara suna zama a ƙasa, shugaban makaranta ya yi haƙuri iyakar iyawarsa. In an dawo hutun Ista ban zo ranar Litinin ta farko ba, za a ba wata wurina.

Da ta tafi Baba ya tsuguna a bakin tabarmata. Mutum ne mai sanyin murya.

"Uwata, kin ji abin da ta ce. In abin nan ya zauna, ki tafi. In bai zauna ba, ba zan bari ki je ki ji kunya a gaban 'ya'yan mutane ba. Ki zauna gida, allonki ya ishe ki."

Na ce to. Amma na san 'yan matan Zongo da suka zauna gida shekara guda da niyyar komawa. Nakan gan su da faranti a ka suna tallan ƙosai a bakin lekol ɗin, suna kallon wani wajen in mun fito. Ni kuwa ina da wuri a jikin taga, inda ake ganin bishiyar mangwaro, ga taswira a bango wadda tekunta ya koɗe ya koma kalar sararin sama. Abin da nake buƙata bai da yawa. Jakar ta riƙe daga safe zuwa tashin tsakar rana, lokacin da ake sakinmu mu je gida cin abinci.

Ana saura kwanaki kaɗan hutun ya ƙare aka aiko daga ƙauyen Baguida cewa jikar ƙanwar Kaka ta haihu. Mijin makiyayi ne, yana kiwon shanu a ƙarƙashin gonakin kwakwa, babu babbar mace kusa da za ta fara wa maijego wanka. Dole Kaka ta tafi. Ta kira Inna ta nuna mata komai, ta ajiye ɗan ƙoƙon mai a gefen tabarma.

"Ga 'yar mutane nan na bar miki amana," in ji ta. "Kada in dawo in tarar ta bushe."

Washegari Inna ta shigo da ruwan ɗumi, fuskarta na kallon bango. Matan gida suna tsakar gida, labule kuma a ɗage yake. Ta wanke wajen da sauri, ta goge, ta ɗauki mafici ta kaɗa don tsumman da ɗan danshi, ta manna jakar. Ta dafe ta da tafin hannu na ɗan lokaci. Hannun da zafin murhu a jikinsa, yana warin hayaƙi da albasa. Sai ta miƙe.

"Ke, ga kokonki nan yana hucewa."

Ta fita. Ƙoƙon mai yana inda Kaka ta bar shi, ko taɓa shi ba ta yi ba. Shafa mai aiki ne na zama, a bi jikin yaro gaɓa-gaɓa, Inna kuwa ba za ta iya zama tana shafa 'yar fari mata suna wucewa ba.

Na kwanta ina jiran ɗumin nan. Hantsi ya yi, ya wuce. Ladan ya kira azahar. Na kai hannu na shafa kwiɓina, na ji shi a bushe, sai na ɗauka ko barci nake yi. Bayan la'asar na tashi na dafa bango har zaure, na zauna a dakalin Kaka. Rabona da ganin titi tun kafin ciwo. Komai ya yi mini kamar an wanke shi: mai gyaran keke da tayarsa a cikin kwanon ruwa yana neman inda take kumfa, 'yan Zabarma masu tura kura, wata akuya tana cin takardar siminti da natsuwa irin ta mai karatu. Na zauna har inuwar masallaci ta iso ƙafata. Da gari ya sake wayewa jakar tana nan, sai da Inna ta sa farce ta ɓamɓare ta, fatar tana biyo ta.

Haka muka yi har Kaka ta dawo. Jan ya fara dusashewa, gefensa ya yi ɓawo.

Kaka ta shigo da kwakwa da busasshen kifi, ta ji labari ta ɗaga hannu sama. Ta ce rubutun malam ne ya kama, dama shi sai a hankali. Sai ta ja hannuna zuwa haske ta duba.

"Innalillahi! Dubi 'ya fururu kamar an tono ta daga toka. Wannan ko marainiya ai sai haka."

Da safe ta yi mini shafa mai kyau, ta rama kwanakin da aka yi fashi. Na rufe ido, tabarma ta tashi, muka tafi tafki. Ko rabin hanya ba mu kai ba ɗumin ya gangaro.

Da Kaka ta fita ɗebo ruwa na ɗauki jakar da ta faɗi na sa babban yatsa a kan faifan. Santsi yake yi, yana ƙyalli, yatsan yana zamewa kamar a bayan kifi. Na shinshina. Na ɗaga kai, ta ƙofa na hango Inna a bakin turmi tana kallona, taɓarya a tsaye a hannunta. Muka haɗa ido, abin da ba mu saba yi ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da daka. Na gane ita ma ta sani. Na kuma gane ba za ta taɓa faɗa ba, domin babu yadda za ta kalli uwar mijinta ta ce mata hannunki ne.

Saura ni. A al'ada jika ba ta da shamaki da kaka. 'Ya'yan baffana sukan sace mata goro, su ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta bi su da mafici ana dariya. Ni ban taɓa iyawa ba. A aji ma in na ba da amsa sai Madam ta ce in maimaita, ba ta ji ba. Ga shi kuma abin da zan faɗa ba wasa ba ne. Zan ce mata jan nan da take duba kullum tana tsaki, man da take taƙama da shi ne ya buɗe masa hanya. Kuma ina tsoron in na faɗa za ta daina shafa ni gaba ɗaya, tabarma ta daina tashi.

Na gwada maganar a kan wani ƙadangare da ke zuwa bakin taga. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Amma da Kaka ta zo da safe sai bakina ya yi nauyi, na rufe ido, jaka ta sake tafiya a banza. Washegari ma haka. Kwalin ya koma sai ka girgiza kafin ka ji motsi a ciki.

Ranar Lahadi, gobe ke nan za a koma, Inna ta wanke kakina na makaranta ta shanya a inda zan gani daga tabarma. Kaka ta gama wuya, ta gama kafaɗu, ta gama ƙafafu. Ta lakato na ƙarshe a ɗan yatsa ta nufo cikina. Ban san lokacin da hannuwana biyu suka rufe wajen ba.

"Kaka, ban da nan."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ba a lekol kike ba."

"Ban da nan. Man ne yake hana ta zama."

Yatsan ya tsaya a sama. Man ya fara narkewa yana gangara mata zuwa wuyan hannu.

"Wane man? Nawa?"

Na gyaɗa kai.

"Man da na shafa wa ubanki har ya zama mutum? Ikon Allah. A cikin wane littafin Faransancin aka rubuta muku haka, madam?"

"Da kika tafi Baguida ba a shafa ba. Ta kwana ba ta saki ba."

Kaka ta juya ta kalli ƙofa. A tsakar gida ƙarar wanke-wanke ta ɗauke. Na ji tsoro kada faɗan ya koma kan Inna, sai na lalubo tsohuwar jakar jiya da na wanke na ɓoye a ƙarƙashin tabarma, na miƙa mata. Ta karɓa da hannun hagu, wanda ba mai, ta murza faifan da yatsa. Ta manna shi a bayan hannunta ya zame. Ta sake mannawa ya sake zamewa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Lalle ma ba ya kama ƙafa mai maiƙo," ta ce, ba da ni take ba. "Ni da na ƙunsa wa rabin amaren Zongo lalle. Sai na sa an wanke ƙafa da toka tukuna."

Ta janye hannuwana daga cikin a hankali, ta dubi jan wajen kamar yau ta fara ganinsa. Leɓenta yana motsi amma ba karatu take yi ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun washegarin dawowarki."

"Kika yi shiru ina ta ƙona ki? Kai, wannan takwara, sunan kawai kika ɗauka, bakin kin bar mini."

Ta tashi ta fita. Na ji ta tana wanke hannu da sabulun salo, ta zubar ta sake wankewa. Ta dawo ta shinshina tafinta ta yi tsaki. Sai ta ɗaga murya ta kira Inna. Inna ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Shigo ciki. Hannun nan nawa ya sha mai tun kafin a haife ki, sabulu ba zai fitar da shi ba. Daga yau ke za ki riƙa manna mata."

"To," in ji Inna, amma ba ta motsa ba, idonta a ƙasa.

"Ni na sa ki. Duk wadda ta ce kin yi rashin kunya ki turo mini ita. Sauke labulen in shi ne damuwarki."

Inna ta sauke labule. Ta wanke wajen da sabulu, ta ɗauraye, ta goge, Kaka tana kaɗa mafici daga nesa tana ba da umarnin da ba a buƙata. Da aka manna, Inna ta dafe da tafinta, wannan karon ba ta yi saurin ɗagawa ba. Kaka kuwa ta kama ƙafafuna ta sake shafe su, ta hau goshi da kunnuwa da gwiwar hannu, duk inda aka bar mata, har na koma ƙyalli kamar sabuwar tasa.

Ranar Litinin na sa kaki. Ya yi mini yawa, hakan kuma ya yi daidai, babu abin da ya fito. Na bi hanya a hankali, hannuna na dama a kan kwiɓi kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu. A filin makaranta aka ɗaga tuta, aka shiga waƙoƙin Shugaba da tafi da rausaya, Madam ta nuna mini gindin mangwaro ta ce in tsaya can. Daga inuwar na ga hannuwa suna tashi suna sauka tare, ƙura tana hawa cikin hasken safe, muryoyin suna zuwa mini kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Wurina na jikin taga yana nan. Muna cikin shifta hanjin ya yi wani ƙugi mai tsawo. Yarinyar da muke benci ɗaya, 'yar Amoutivé mai wushirya, ta matso ta raɗa mini.

"Cikin naki Mina yake yi ko Hausa?"

Na cusa fuska a littafi, kafaɗunmu suna rawa, har Madam ta buga tebur. Da aka fita shan iska na je bayan gida na kwance ƙasan jakar na zubar, na bi gefen faifan da yatsa. Yana nan daram. Na koma aji. Lissafi ya zo ya wuce ban riƙe komai a cikinsa ba, duk hankalina yana kwiɓina yana sauraro. Sau da yawa nakan ji kamar ɗumin ya fara, in taɓa in ji gumi ne kawai.

Aka buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiya, alamar tashin tsakar rana. Na bari kowa ya fita, sannan na miƙe na duba benci, na duba gaban kakina da bayansa, duk a bushe.

Kaka tana dakalinta da ƙorai a gabanta, tana korar ƙudajen da ba su nan. Ta hango ni tun daga kwanar mai keke amma ta yi kamar ciniki take lissafawa. Da na iso ta dube ni sama da ƙasa.

"To, madam? Juya in gani."

Na juya.

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yankan mai.

"Wuce ki ci abinci, kada ki tsaya mini a nan kamar soja. Akwai karatun yamma."